Shafi na Arba'in da Ɗaya Zuwa Hamsin da Takwas

Ranar Talata da hantsi aka gano abin. Kafin a kira azahar babu wanda bai ji ba a jami'ar, har masu shara da masu gadin ƙofa.

Ni a shago na ji. Shagonmu yana bakin ƙofar jami'ar, muna buga takardu muna ɗaure kundin ɗalibai. Ina cikin huda wani kundi malamai biyu suka shigo, suna hira kamar babu kowa a wajen.

"Ɗari da uku fa. Bara waccan bakwai ne."

"A kan ruwan rijiya? Wa ke karanta ruwan rijiya?"

"Masu kiwon kaji, wai. Da masu gina titi. Har da wani mai nazarin waƙoƙin reno."

Suka kwashe da dariya. Ɗayan ya juyo ya gan ni, ya daina dariyar. Ya san ƙanen wa ne ni.

Yayata malama ce a sashen kimiyyar ruwa. Shekara shida ta yi tana bin rijiyoyin ƙauyuka da kwalabe, ta fitar da maƙala guda a wata mujalla. A wajen masu bincike, ana auna maƙala ne da yawan waɗanda suka sa ta a jerin manazartar da ke ƙarshen aikinsu. Wannan shi ake kira ambato, kuma da shi ake ƙarin girma. Sau biyu ana hana Yaya ƙarin girma saboda ambatonta bakwai ne kacal. Da ta nema karo na uku aka buɗe kwamfuta, sai ga shi ya zama ɗari da uku. A ranar aka dakatar da ita. Kwamiti zai zauna bayan sati biyu, in ta tabbata ita ta shirya abin, korarta za a yi.

*

Da la'asar ta zo gida. Baba yana baranda a teburinsa, da jan biro da akwatin katunansa na katako. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a ɗakin karatu na jami'ar, kuma da ya yi ritaya aikin bai bar shi ba. Ɗalibai da ƙananan malamai suna kawo masa manazartarsu ya gyara, ba ya karɓar ko kwabo. Ranar dai babu kowa a kan bencin.

Yaya ta zauna a kujerar marigayiya Mama, ba ta ko cire takalmi ba.

"Baba, wallahi ban yi ba."

Ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa. "Na sani, Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa ta ci, haka yake kiranta.

Na ce, "Ni zan nemo wanda ya yi."

Ta dube ni da jajayen idanu, ta kusa yin dariya. "Kai Auta? Kai da ko sakandare ba ka gama ba?"

"Ka zauna a shagonka," in ji Baba. "Wannan ba shanu ba ne."

Shanun da yake nufi na Kawu ne. Bayan na gudu daga aji huɗu na yi gyaran waya, na yi tuƙin babur, na kuma yi shekara biyu da Kawu, wanda sana'arsa bin sawun dabbobin da aka sace. Ɗaurin kundi ne kaɗai aikin da na yi shekara uku a ciki ban tsere ba. Abin da na koya a wajen Kawu guda ne. Ba ya bin garke gaba ɗaya. Yana durƙusawa ya nemi saniya guda mai tsagaggen kofato, ita yake bi har ƙofar wanda ya kora su.

*

Washegari na je wajen Malama Mai-ƙidaya, matar da ke ƙirga ambato a ɗakin karatu. Ita ta gano abin, kuma a hannun Baba ta koyi aiki. Da ta gan ni ta rufe ƙofa.

"Kwana na yi ina kuka, Auta. Amma aikina ne, ba zan ɓoye ba."

"Ki nuna min yadda kika gani."

Ta juyo min da kwamfuta. "Farko muna cire inda mutum ya ambaci kansa. Yayarka ba ta yi ko sau ɗaya ba. Sai mu duba ko akwai 'yan ba-ni-in-ba-ka, ka ambace ni in ambace ka. Babu. Sai mu duba fanni. Bakwai masu binciken ruwa ne daga wurare daban-daban. Casa'in da shida kuwa duk 'yan jami'ar nan ne, kuma babu ruwansu da ruwa."

"To ba za a iya karanta abu don sha'awa ba?"

"Ana iyawa. Amma duba nan." Ta buɗe wata maƙala ta gangara da ita. "Wanda ya yi amfani da aikinka, zai kira sunanka a cikin rubutun, sannan ya sa ka a jeri. Waɗannan babu sunanta a cikin rubutu ko sau ɗaya. A jeri kawai take. Na'ura ba ta karatu, Auta, ƙirga kawai take yi."

Na roƙe ta ta buga min jerin manazartar duka ɗari da ukun. Na ɗaure su da igiya na fita da su kamar mai ɗauke da itace.

*

Na fara da malamin kiwon kaji. Na same shi a cikin akurkin gwaji, yana auna tsaki a kan sikeli.

"Malam, wa ya rubuta maka manazarta?"

Ya miƙe tsaye. "Wace irin tambaya ce wannan? Ni na rubuta da hannuna."

"To me ruwan rijiya ke yi a ciki?"

Ya karɓi takardar ya duba, ya ƙara dubawa. "Kaji ba sa shan ruwa ne?"

"Me maƙalar ta ce a kan ruwan?"

"Kai ɗan sanda ne ko mai ɗaurin kundi?"

Mutum tara na tambaya cikin kwana uku. Kowa ya ce da kansa ya yi, kowa ya kasa faɗin abin da ke cikin maƙalar, kowa ya raka ni ƙofa da sauri. Ƙarya suke yi, na sani, amma ƙaryar kunya ce ba ta mugunta ba. Malami ba ya son a ji wani ya taɓa masa aiki.

Masu son Yaya kuwa duk Dogon Dakta suke nunawa. Ofis ɗaya suke da ita, kujera ɗaya suke nema. An ce shi ya haƙa mata rami. Na same shi yana shan shayi, ƙafafunsa sun fito ta ƙasan tebur.

"Na ji ana cewa ni ne," ya ce tun kafin in zauna. "Zo ka gani." Ya nuna min yawan ambatonsa a kwamfuta. Goma sha ɗaya. "Shekara ashirin ina rubutu. Da ina da hanyar sa mutum casa'in da shida su ambaci wani, kana ganin yayarka zan sa su ambata?"

Ya kurɓi shayinsa ya ci gaba.

"Ba na son ta wuce ni, gaskiya ne. Amma aikinta mai kyau ne, na karanta. Ƙila ni ne na takwas da ya karanta a duniya. Ka je ka tambayi surukinku. A gaban mutane ya ce bana ko ta halin ƙaƙa sai an ƙara mata girma."

Mijin Yaya yana da kantin magani. Da na faɗa masa abin da aka ce, ya sallami mai saye, ya zauna a kan kwali ya riƙe kai.

"Na faɗa. Bakina ne, ka san ni." Ya ciro waya ya nuna min saƙon wani da ke tallar ƙara wa malamai ambato. "Na nuna mata. Ta ce in na sake kawo maganar, in kai mata kayanta gidan Baba. Ban ko amsa wa mutumin ba, duba da kanka."

Na kai saƙon wa Mai-ƙidaya. Ta girgiza kai. Masu wannan sana'ar, in ji ta, a mujallun nesa suke zuba sunaye, inda ba wanda ya san kowa. Ba sa bin malaman jami'a guda ɗaya bayan ɗaya.

Kwana bakwai suka tafi, ba ni da komai.

*

Ranar Lahadi da safe na buɗe shago ni kaɗai, na shimfiɗa takardun a ƙasa, na durƙusa kamar yadda Kawu ke yi.

Abin da na fara gani tsabta ce. Na sha buga aikin mutanen nan, na san su. Wani ba ya iya layi uku ba kuskure. Amma jerin casa'in da shidan nan tas suke, kowane suna a gurbinsa, kowace shekara a inda ya kamata. Hannu ɗaya ne ya bi su.

Sai na jera bakwai ɗin gaskiya a gefe, na riƙa bin layin Yaya da yatsa. Suna ɗaya. Shekara ɗaya. Mujalla ɗaya. Lambar shafi ce ta bambanta. Bakwai ɗin sun ce shafi na 43 zuwa 60. Casa'in da shida sun ce 41 zuwa 58. Babu wanda ya kauce ko ɗaya.

Ranar Litinin Mai-ƙidaya ta sauko da mujallar daga ma'ajiyar littattafai. Shafi na 43 zuwa 60.

"Na'ura da suna da shekara take haɗawa, ba ta damu da shafi ba," ta ce. Ta juya mujallar. "Kafin a buga, ana aiko wa marubuci kwafin gwaji ya duba. Ka ga a farkon mujallar, an ƙara shafi biyu na ta'aziyyar wani edita. Bayan gwajin aka ƙara su, komai ya matsa. Wanda ya yi aikin nan daga kwafin gwaji ya kwafa."

Na tafi gidan Yaya da gudu. Tana wanke kwalaben gwajinta, waɗanda ba ta da inda za ta kai su yanzu.

"Yaya, kwafin gwajin maƙalarki, wa da wa suka gani?"

"Ni kaɗai aka aiko wa. Guda na buga a takarda, na..." Ta tsaya. Kwalbar ta suɓuce cikin ruwa. "Me ya sa?"

Na gaya mata. Ina magana fuskarta tana canzawa, har ta dafa bango.

"Ka bar binciken nan."

"Yaya, ai mun kusa."

"Na ce ka bari!"

"Ke ce?" Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

Ta dube ni, hawaye na zuba ba ta share ba. "Ka ɗauka ni ce. Je ka, Auta."

Na fita na yi ta tafiya a ƙasa har ƙafata ta yi ciwo. Ita ce ta riƙa bina tasha-tasha lokacin da na gudu daga makaranta. Ita ce mutum ɗaya a duniya da na yi imani ba ta taɓa yanke hanya ba. Zuciyata ta taɓa wani wajen kuma, sau ɗaya, ta janye da sauri kamar hannu daga wuta. A shekara biyun da na yi da Kawu, ba mu taɓa fara neman sawu daga ƙofar gidanmu ba.

*

Safiyar zaman kwamiti Baba ya sa farar rigarsa, ya ce zai raka 'yarsa. Ya aike ni ɗakinsa in ɗauko masa hula.

Akwatin katunan yana kan gado a buɗe. Kati guda yana waje, gefensa ya yi baƙi don yawan taɓawa. Rubutun Baba ne, mai kyau kamar na inji. Sunan Yaya, shekara, mujalla, shafi na 41 zuwa 58. Na juya bayansa. Ƙananan zane ne a ɗaure biyar-biyar. Dami goma sha tara, da guda ɗaya a gefe: casa'in da shida.

Na zauna a bakin gadon da katin a hannuna.

"Auta, hular fa?"

Na sa katin a aljihu, na kai masa hula. Ya sa, ya gyara ta a gaban madubi.

*

Ɗakin taron yana da dogon tebur da fanka mai ƙara. Shugaban kwamiti yana kai, mutanensa huɗu a gefe. An kira Dogon Dakta, da malamin kiwon kaji, da mijin Yaya. Baba yana kujerar bango, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Mai-ƙidaya ta shigar da ni a matsayin shaida.

Ta yi bayani tiryan-tiryan. Babu ambaton kai, babu ba-ni-in-ba-ka, babu suna a cikin rubutu. Sannan ta zo kan shafi.

"Duk wanda ya san maƙalar nan a matsayin 41 zuwa 58, daga kwafin gwaji ya san ta. Shi ne ya yi."

Shugaba ya juya. "Dakta, wa ke da kwafin gwaji?"

Yaya ta miƙe. "Ni kaɗai, ranka ya daɗe. Ba sai an wahalar da kowa ba. Ku rubuta cewa ni..."

"Ina da tambaya," na ce.

"Auta, zauna," ta ce ba ta dube ni ba.

Shugaba ya ɗaga gira. "Kai ne mai ɗaurin kundi? Tambayi."

Na juya wajen malamin kiwon kaji. "Malam, a gaban Allah, wa ya gyara maka manazarta?"

Ya dubi silin, ya dubi takalminsa. Idonsa ya zame zuwa kujerar bango, ya dawo da sauri. Mai-ƙidaya ta bi inda ya duba, ta sa hannu ta rufe baki.

Na taka har gaban Baba. Ban taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba, don haka na durƙusa.

"Baba, maƙalar Yaya daga shafi na nawa zuwa na nawa take?"

"Baba, kada ka amsa!" Yaya ta ce. "Auta, in kana ƙaunar Mama a kabarinta ka tashi daga nan!"

Baba ya dube ni ta saman gilashi. Katin yana aljihuna, kuma na san ya san yana nan. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya fuskanci tebur.

"Arba'in da ɗaya zuwa hamsin da takwas," ya ce. "Ranar da aka aiko mata gwajin ta kawo min da gudu, tana murna kamar yarinya. A ranar na yi mata kati. Shekara talatin da huɗu ina koya wa mutane kada su kwafa sai sun riƙe bugun ƙarshe a hannu. Nata ne kaɗai ban jira ba."

Shugaba ya ajiye bironsa.

"Me ya sa, Baba?" in ji Shugaba. Shi ma ɗalibi ne a zamanin Baba.

"Karo na biyu da aka hana ta, a barandata ta zo ta yi kuka. Shekara shida a bakin rijiya, aka ce ambato bakwai kawai. Ni na karanta aikin, na san abin da ke ciki. Na ce mutane ba su gan shi ba ne. In na sa shi a jeri, wani zai gani ya nema ya karanta. Da haka na fara. Daga baya na daina yi wa kaina wannan bayanin, na riƙa ƙirgawa kawai." Ya dubi malamin kiwon kaji. "Waɗannan yaran amana suka ba ni, ba su san komai ba. Ita ma ba ta sani ba sai jiya-jiyan nan. Ta zo ta ce in yi shiru, ni tsoho ne, ita za ta iya sake rayuwa. Na yarda. Wannan ya fi na farkon muni."

Dogon Dakta ya ciro hankici ya juya fuska wajen taga.

*

Yaya ta koma aiki. An soke casa'in da shida, an ɗage maganar ƙarin girmanta shekara uku. Baba kuwa an rubuta masa takarda, kada ya sake shiga ɗakin karatun, kada ya sake taɓa aikin wani ɗan jami'ar. Mai-ƙidaya aka ba ta kawo. Ta ajiye a kan teburinsa ta durƙusa tana kuka, shi ne ya riƙa ba ta haƙuri.

Yaya tana zuwa kowace Asabar. Ta zauna kusa da shi, ta yanke masa farce. Ni takan amsa gaisuwata, shi ke nan. Rannan na ji yana ce mata, "Bakwai kawai na bar miki, Uwata." Ta ce, "Bakwai ɗin nawa ne, Baba. Da ma su ne nawa."

Bencin baranda ya yi wata biyu babu wanda ya zauna. Wata safiya Baba ya turo min akwatin katunan.

"Kai shagonku. Bayan katunan fari ne, kwa yi amfani da su."

Na ɗauka na ajiye a kan cinya ina bin su, don hannuna ba ya iya zama. Can wajen ƙarshe na ga kati da sunana. Ni da ban taɓa rubuta komai ba. A ƙasa an jera kundaye, kowanne da shekara da shafi. A saman katin ya rubuta: an ambace shi a shafin godiya. Ɗaliban da na ɗaure wa kundi ne, waɗanda suka gode wa mai ɗaurin bakin ƙofa. Talatin da ɗaya. Ban san da ko guda ba.

Na ɗaga katin. Bai dube ni ba, titi yake kallo.

"Waɗannan babu hannuna a ciki," ya ce. "Shafin godiya ba ya biyowa ta wajena. Ka je ɗakin karatu ka bi sawunsu in kana so. Kai ai ana barinka ka shiga."

Na sa katin a aljihun da na sa wancan. Har yau ban je ba.